Inda Kaset Ɗin Oga Bulus Yake Yankewa

Kuɗin motar da ya kai ni Abuja, tunkiyar kakarku ce. Sai da aka yi ja-in-ja a kanta don tana da ciki, amma Inna ta kafe a kai ta kasuwa. Da aka kawo kuɗin ba ta ba ni a hannu ba. Cewa ta yi in cire wandona in miƙo mata, ta ɗinke su a ƙugunsa, wai duk ɓarawon da zai kai nan sai mun yi dambe. Haka na shiga mota ina ɗosana zama kamar mai maruru. Kai Sabi'u, kife wayar nan tukuna. Kai ne kake ta rawar kai za ka Abuja bayan girbi, don haka da kai nake. Kuma fim ɗin nan da na tarar kun haɗa kai kuna kallo, shi ya tayar mini da labarin. Na san shi tun ba a haife ku ba.

A Zuba aka sauke ni, ni kuwa na ɗauka na iso. Na duba hagu na duba dama, ba dogayen benayen da ake ba mu labari, sai tsibin lemo da kankana da ƙudaje. Na tambayi wani ina Abujar take, ya yi dariya ya ce, "Tawun kake nufi? Da sauranka." Su can ba sa cewa cikin gari, sai tawun. Na yi dakon kayan marmari a nan har bayana ya fara ba ni labari, sannan wani mai shayi ɗan ƙasarmu ya ce in bi shi Apo, inda makanikai suke, wai can ruwa ya fi lemo tsada. Gaskiyarsa kuwa. Na sami kura da jarkoki na zama ɗan ga-ruwa.

Bayan garejin makanikan akwai wata unguwa ta ɗakunan kwano da katako, baca ake ce musu. A nan na kama ɗaki. Mai ɗakunan ban taɓa ganinsa ba, sai wakilinsa da ake kira kiyateka, wani mai tumbi da ba ya amsa sallama sai ƙarshen wata. Ruwan farko da aka yi, a tsaye na kwana. Da safe na tare shi.

"Oga, ɗakin nan yana yoyo."

"Ɗaki ka kama ko rufi?"

"Ai ɗaki da rufinsa yake."

"A ƙauyenku. Nan Abuja ne."

Da tsohuwar leda na toshe, na ci gaba da zama.

To a unguwar nan na san Oga Bulus. Mutumin Filato ne, Kirista, dattijo mai ciwon gwiwa, in ya zauna sai an kama shi ko ya dafa wani abu yake miƙewa. Matarsa ta rasu tun kafin ya zo Abuja. Ɗansa ɗaya, Dauda, saurayi mai zafin kai, yana gyaran inji a gareji. Oga Bulus yana da gidan kallo, wato wata rumfar kwano da bencina, da talabijin, da bidiyo mai cin kaset, da janareton da sai an roƙe shi yake tashi. Ni nake kai masa ruwa, shi kuma ba ya karɓar kuɗin shiga a hannuna. In janareto ya ƙi, ni ne mai jan igiya.

Kada ku ɗauka irin fassarar yanzu ce da ake naɗe muryar mutum a cikin fim. A'a. Oga Bulus da kansa yake zama a gefen talabijin, ya rage sauti, yana riƙe da karyayyiyar eriya yana nuna mutane. Bature ya buɗe baki, Hausa ta fito daga bakin Oga Bulus. Ran Lahadi da rana ake cika, in Kiristoci sun dawo daga coci makanikai kuma sun rufe. Da an kira la'asar sai ya danna fos ya ce, "Masu salla a je a dawo, akta zai jira ku." Ya kuwa jira, da ƙafa ɗaya a sama.

Cikin kaset ɗinsa duka ba wanda ake nema kamar wannan na wayarku. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakinmu, Katanga muke ce masa. Kun dai ga farkonsa. Wani zamani ne mai zuwa da duniya ta lalace, masu hali suka kewaye birninsu da katangar ƙarfe, talakawa suna waje a cikin bola, su ne kuma masu shiga da safe su yi wa na ciki aiki a kore su da yamma. Duk lokacin da na ciki suka ga bukkokin sun matso, sai su turo wasu manyan injina, direbobinsu da fuskar ƙarfe, su niƙe komai. Aktan tsohon mai gadin katangar ne da ya koma wajen talakawa. Ba wanda ya taɓa gaya mana me ya sa muke son fim ɗin. Mun dai san in mun fito daga rumfar muka ɗaga kai, ga fitilun tawun can suna walƙiya, mu kuma muna laluben hanya da tocila.

Sai dai kaset ɗin yana da aibi. Wanda ya sayar wa Oga Bulus ya naɗi wani abu a kan ƙarshensa. Daidai inda akta ya tsaya a bakin ƙofar katanga, bindiga a hannu, babban injin yana tunkaro shi, sai hoto ya yi rawa, sai ga wasu mata da manyan gwaggwaro suna cashewa a wani biki. Kullum sai an yi ihu a nan, kamar ba a san da zuwansa ba. Oga Bulus sai ya kashe talabijin, ya jira a yi shiru, ya ce shi ya ga ƙarshen a silima yana saurayi, bari ya ƙarasa mana.

Ga yadda yake faɗa. Akta ya dubi injin, ya sunkuya ya ajiye bindigarsa, ya zauna a ƙasa a tsakiyar hanya. Injin ya matso har inuwarsa ta rufe shi. Sai direban ya ɗaga fuskar ƙarfen nan, ashe shi ma a wajen katanga aka haife shi. Ya kashe inji. Na bayansa ya kashe, na bayan wancan ma ya kashe, har duniya ta yi tsit. Daga nan aka buɗe ƙofa. Oga Bulus yana faɗa a hankali, ba ya ɗaga murya, amma wallahi na fi ganin wannan wurin a idona fiye da wuraren da na kalla.

Gardama kuwa ba a magana. Makanikai su ce ina aka taɓa akta ya ajiye bindiga, ai akta ba ya mutuwa kuma ba ya roƙo. Mai shayin da ya kawo ni ya ce shi wannan ne kaɗai fim ɗin Turawa da ya ga tsoron Allah a ciki. Wadda ta fi kowa zafi ita ce Mama Ladi, mai sayar da shinkafa a bakin rumfar. Ba ta taɓa biyan kuɗi ta shiga ba, ta ramin kwano take leƙe, amma ra'ayinta ya fi na kowa ƙarfi.

"Wannan akta wawa ne," in ji ta. "Namiji ya zauna gaban ƙarfe, matan shi ne zai sha wahala. Wa zai biya sukul fis?"

"Ai ba shi da mata, Mama."

"Shi ya sa. Wa zai aure shi?"

Haka muke, har ranar da wasu mutane suka zo da gwangwanin jan fenti suka bi ɗakunanmu ɗaya bayan ɗaya suna zana alama. Su suna cewa dimolishan, mu muna cewa rusau. Na nemi kiyateka in ji makomarmu, aka ce ya tafi ganin gida. Har yau bai dawo daga ganin gidan ba. Wasu suka fara kwashe kaya, amma yawancinmu ina za mu? Mutum ya saba da wurin da yake samun abinci ko da a kan bola ne.

A cikin wannan zaman ɗar-ɗar ɗin Dauda ya shigo da faifai. Lokacin faifai ya fara korar kaset ke nan. An sake fito da Katanga sabo fil, da kwalinsa mai sheƙi, orijinal in ji Dauda, hoto tas kuma har ƙarshe. Labari ya zaga unguwa kafin ya isa gida. Na ga Oga Bulus ya juya kwalin a hannunsa ya daɗe yana dubawa.

"Bidiyona ba ya cin faifai," ya ce.

"Na aro mai ci, Baba."

"Janareto ba mai."

"Na sayo."

Ran Lahadin nan rumfar ta cika har ana hawa kan juna. Hoton kuwa ya yi kyau, ban ƙi gaskiya ba. Sai ranar muka san rigar akta kore ce, mu da muka ɗauka toka-toka ce. Oga Bulus yana fassara kamar kullum, amma muryarsa ba ƙarfi. Aka zo bakin ƙofa. Kowa ya riƙe numfashi yana jiran matan biki, ba su zo ba.

Akta bai ajiye komai ba. Kwalbar wuta ya jefa, injin ya kama, ya haye ya harbe direban ba tare da an ko ɗaga fuskar ƙarfen ba, ya jefo shi ƙasa, ya tuƙa injin yana ci da wuta ya fasa ƙofa. Daga nan sai harbi da fashe-fashe har rubutu ya hau. Samari suka miƙe suna ihu suna dukan kwano. Oga Bulus bai fassara ko kalma ba, don ba a ma yi maganar da za a fassara ba. Eriyarsa tana kan cinyarsa.

Da hayaniya ta lafa, Dauda ya dubi ubansa a gaban jama'a. Na so a ce ya bari sai sun koma ɗaki.

"Baba, ashe ba ka taɓa ganin ƙarshen ba. Shekara da shekaru kana ba mu tatsuniya."

"Na gani," in ji Oga Bulus.

"Ka gani? To me ya sa?"

"Na gani, ban so shi ba."

Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi. Wani ya ce gani ya kori ji. Ya nemi tashi, gwiwa ta ƙi, ɗansa kuma ya riga ya fice. Ni na kama shi. Na ji kunya kamar ni aka ƙaryata, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji haushinsa kaɗan, don na yi imani da ƙarshen nan nasa.

Makon nan duka ba a yi wata hira a unguwa ba sai ta faifai da kaset. A teburin shayi, a gareji, a bakin rijiyar burtsatse inda nake ɗibar ruwa. Wasu su ce faifai ya wanke musu ido, wasu su ce hoton ya yi kyau amma fim ɗin ya zama kamar kowane fim. Mama Ladi ta ce wannan aktan ya fi wancan wauta, wancan kansa kaɗai zai kashe, wannan kuwa har da maƙwabta. Da a bakin gardama abin ya tsaya da sauƙi. Amma ga jan fenti a ƙofar kowa, ga samari da zuciya a wuya, ga fetur a gareji kamar ruwa. Wata safiya na kai ruwa bayan shagon su Dauda, na ga kwalabe a jere a ƙarƙashin wata matacciyar mota, kowace da tsumma a bakinta.

Kowa ya san masu rusau ba su kaɗai suke zuwa ba, da masu bindiga suke tafe. Kwalba ɗaya ta tashi, gawar Dauda za a fara ɗauka, don shi ne a gaba. Na bar kurar a nan na tafi wurin ubansa.

"Na sani, Isiya," ya ce. "Na yi masa magana, ya ce in je in ba yara tatsuniya."

Can ya ce, "Ka san yadda uwarsa ta rasu?" Na ce a'a. Ya ce rikici aka yi a garinsu, wani ya jefa kwalba irin wannan a kan rufin gidansu tana ciki. Dauda yana ƙarami, an gaya masa gobara ce kawai. "Wanda ya jefa ɗin ma yaro ne, na san ubansa. Shi ma yana ganin shi ne akta. A fim in an kashe direba ba a nuna maka uwarsa." Na ce Allah ya ji ƙanta, ya ce amin.

Da hantsi masu rusau suka zo, ranar wata Talata. Katafila a gaba, motar masu bindiga a baya, da wani oga mai farar riga da takarda a hannu. Mata suna ta fito da tukwane da katifu, yara suna kuka. Samarin sun laɓe a bayan matattun motocin da ke gefen hanya, ina hango kan Dauda. Oga Bulus ya fito cikin kayansa na zuwa coci, ya ce in ɗauko masa benci ɗaya daga rumfa. Na ɗauka kaya zai fara kwashewa.

"Ina zan kai?"

"Tsakiyar hanya."

Na ajiye inda ya nuna, daidai tsakanin katafila da motocin da samarin suke. Ya dafa kafaɗata ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ni kuwa ƙafafuna suna ta ba ni shawarar gudu. Kafin in yanke, sai ga Mama Ladi ta taho tana gyara ɗaurin zane tana zazzaga masifa.

"Tsohon banza! Kai ne akta yanzu? Matsa mini!"

Ta zauna kusa da shi, ba ta fasa zaginsa ba. Mai shayi ya zo ya zauna yana jan carbi. Saura ɗan wuri a ƙarshen bencin, kuma kowa ya ga ni na kawo shi, sai na ɗosana. Ba jarumta ba ce, kunya ce ta zaunar da ni.

Katafilar ta taho. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashinmu, har zafin injin na ji a fuskata, bakin ƙarfen nan ya tsaya mana a kai. Na yi kalmar shahada. Direban wani baƙin mutum ne da ya naɗe hanci da baki da tawul saboda ƙura. Ya leƙo ya dube mu, ya daɗe yana duban Oga Bulus. Sai ya janye tawul ɗin, ya kai hannu ya murɗa makulli.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kukan wata kaza na ji daga can ƙarshen unguwa.

Mai farar riga ya taho yana yi wa direban ihu ya ci gaba, "Muf! Muf!" Direban ya sauko a hankali ya ce, "Oga, gini aka ce in rushe. Ba a ce mini mutum ba." Aka yi ta yi da shi, ya ƙi hawa. Ogan ya ce to ya tabbata ya bar aiki, ya shiga buga waya a turo wani direban.

Duk wannan Dauda bai iya jifa ba, don duk inda kwalba ta faɗa ubansa za ta fara ci. Sai ga shi ya fito fili, ido jajur, kwalba a hannun dama, ashana a hagu. Na ji ƙarar bindigogi ana ɗana su. Na ce shi ke nan, abin da ake gudu ya zo. Oga Bulus bai yi tsawa ba, bai ce ya ajiye ba. Miƙa masa hannuwansa biyu ya yi, kamar yadda yake yi kullum in an tashi daga kallo.

"Dauda, zo ka ɗaga ni. Gwiwar ta riƙe."

Yaron ya tsaya. Ya dubi masu bindiga, ya dubi katafila, ya dubi hannuwan nan biyu a miƙe. Oga Bulus mutum ne mai jiki, ba a ɗaga shi da hannu ɗaya, Dauda kuma ya fi kowa sani. Ya sunkuya ya ajiye kwalbar a ƙasa, ya saki ashanar, ya kama ubansa ya miƙar da shi. Bai sake shi ba bayan ya miƙe. Na ga kafaɗun Dauda suna girgiza. Sauran samarin da suka ga haka, ɗaya bayan ɗaya suka fito hannu wofi.

Kada ku ce an buɗe mana ƙofa. Ba a buɗe ba. Wani direban ya zo, kafin azahar unguwar ta zama fili, har rumfar kallon. Abin da muka samu shi ne ɗan lokacin da aka ɓata ana jiransa, a ciki mutane suka ɓalle kwanon rufinsu suka fitar da abin da ya saura. Kuma ba a ɗauki gawar kowa ba. Direban farko ban san sunansa ba, ban kuma san inda ya sami wani aikin ba. Har yau ina sa shi a addu'a.

Oga Bulus da ɗansa suka koma wajen Abaji, wurin wani ɗan'uwansu mai gona. Ni na ƙara 'yan watanni ina kwana a cikin wata matacciyar bas, daga baya na ga abin ba na yi ba ne, na sayar da kura na kamo hanya. Abin da na zo da shi tunkiya ɗaya ya saya wa Inna, ita ma ba ciki. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta ce tunda na dawo da ƙafafuna ta yafe ɗan.

Bara Dauda ya neme ni a waya ya gaya mini Oga Bulus ya rasu. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Muka daɗe muna hira, yanzu yana da garejinsa da 'ya'ya. Ya ce yaransa ma sun tono Katanga a waya kamar ku, shi kuma duk ran da ya tarar sun kai bakin ƙofa sai ya karɓe wayar ya ƙarasa musu da baki, akta ya ajiye bindiga, direba ya ɗaga fuska.

Na ce, "Suna yarda kuwa?"

Ya ce, "Ina fa. Babban cewa ya yi, Baba, ai ba haka yake ba, ko ba ka gani ba ne?"

"Ka ce masa me?"

Ya ce, "Na ce masa na gani, ban so shi ba."

Ɗauki wayarka, Sabi'u, ku ƙarasa. Ni bari in je in yi alwala, na riga na san inda nawa yake ƙarewa.